Aikin Albashi ko Jingar Intanet: Lissafin Ɗan Rano da Kibiya

  Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na Rano, Rurum, Saji da Lausu, da 'yan'uwanmu na Kibiya, Tarai, Fammar da Saya-Saya, domin hirar yau taku ce.

Maganar da za mu yi ta daɗe tana shigo mini ta saƙo. Matasa ne maza da mata, wasu sun gama difloma, wasu NCE, wasu digiri har da bautar ƙasa, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: Yaya, in ci gaba da jiran takardar ɗaukar aiki, ko in rungumi wannan abin da ake kira firilansin? To yau bari mu zauna mu yi lissafi a tsanake. Ni kaina da wannan sana'a nake ci, fassara nake yi da mayar da sauti rubutu, daga nan gida. Don haka zan faɗi daɗinta, zan kuma faɗi abin da masu tallar kwas ba sa faɗa muku.

Da farko, kalmar ce ma take tsorata mutane. Firilansin. Sai ka ji kamar wani abu ne da Turawa suka ƙirƙiro shekaranjiya. Alhali a gidanmu sunansa jinga. Mai gona ya kai ka bakin gonarsa ya ce, nawa za ka nome mini nan? Kuka yi ciniki kuka daidaita. Ko a kwana ɗaya ka gama ko a kwana uku, kuɗinka ɗaya ne, kuma da ka gama ka karɓi haƙƙinka shi kenan, gobe kana gonar wani. Maginin da ya karɓi ɗaki biyu a kan kuɗi kaza, telan da ya karɓi ɗinkin sallah na gida guda, mai haɗa sola da ake kira daga Kibiya zuwa Bunkure, duk 'yan jinga ne. Abin da intanet ta ƙara kawai shi ne, mai gonar yanzu yana iya kasancewa a Abuja ko Nairobi ko Landan, gonar kuma takarda ce da za a fassara, ko bidiyon da za a tace, ko hoton talla da za a zana.

Ku tuna ma wane gari muke ciki. A labarin Hausa Bakwai da aka karantar da mu a firamare, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Marini kuwa bai san ƙarshen wata ba. A kawo masa zane, a yi ciniki, ya tsoma a karofi, ya shanya, a biya shi. Albashi ne baƙo a ƙasar nan. Ya yaɗu ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka kafa En'e, aka fara ɗaukar malamai da ma'aikata ana biyan su wata-wata. A hankali har ya zama in an ce wane yana aiki, to albashi ake nufi, saura kuwa sai a ce suna ɗan buga-buga. Wannan tunanin ne nake so mu ɗan girgiza yau.

Mu fara da kuɗi, tunda shi kowa yake jira. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya, gwamnatin Kano kuma ta amince da 71,000. Kafin nan 30,000 ne tun 2019. A ido, albashi ya ninka har ya wuce. Amma a 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwa, kenan 30,000 ɗin nan ta kai dala 83. Yau mu ɗauka dala tana 1,400 don sauƙin lissafi, ku dai duba farashin ranar da kuke karantawa. A haka 71,000 ba ta wuce dala 51 ba. Kun ga abin? Lambar ta hau, ƙarfin kuɗin ya sauka. Ga man fetur da yake ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya je ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ma'aikaci ba shi da ikon cewa tunda kaya sun tashi na ƙara wa kaina albashi. Sai ya jira ƙungiyar ƙwadago ta yi zaman sulhu da gwamnati, wani lokaci shekara biyar.

Ɗan jinga kuwa shi ke yanka farashinsa. Tela yana ƙara kuɗin ɗinki ranar da zare ya tashi, ba ya jiran kowa. In kuma da dala ake biyan ka, to faɗuwar naira ba ta cin ka yadda take cin mai albashi. Misali, ka yi aikin dala 65 a dandalin Fiverr. Su kan cire kashi 20 cikin 100, wato dala 13, saura 52. A farashin da muka ɗauka, naira 72,800 kenan. Aiki ɗaya ya kamo mafi ƙarancin albashin wata guda. Amma kar ku yi saurin tafi. Mai albashi ya san wata mai zuwa ma za a sake turo masa. Kai kuwa ba wanda ya yi maka alkawari. Ni na taɓa yin wata guda cur ban ga aiki ko ɗaya ba, wata na gaba kuma guda uku suka zo tare har barci ya gagara. Haka nan ranar da naira ta farfaɗo, kuɗinka ne ya ragu. Don haka duk wanda ya nuna maka hoton alat ɗin wata ɗaya, ka ce ya nuna maka na wata goma sha biyu.

Ni a wurina ma dala ba ita ce babbar ribar ba. Babbar ribar ga ɗan Rano da Kibiya ita ce zama a gida. Shekara da shekaru, da an gama girbi sai samarinmu su ɗaure kaya su tafi ci-rani: wasu birnin Kano, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, acaba, tura baro, gadi, faskare. Wanda ya yi boko kuma nasa ci-ranin na dindindin ne, saboda ina ofisoshin suke a nan? Sakatariyar ƙaramar hukuma, makarantu, asibiti, sai 'yan tsirarun wurare. Kujerun nan a ƙirge suke, kuma wanda ya hau ba ya sauka sai ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa. Duk shekara kuma ana yaye ɗalibai daga Bayero, daga Wudil, daga kwalejojin ilimi, har da makarantar Kano Poly da ke nan Rano. Lissafin ba zai taɓa fita ba.

To in ka samu aikin a birni fa? Ko dai ka kama haya a can, ko kullum ka bi mota ta Bunkure ka shiga gari ka dawo. Duk wanda ka zaɓa, wani babban yanki na albashin ya tafi kafin ka sayi kwanon masara. Ɗan jingar intanet yana karɓar kuɗin birni, ko ma na ƙasar waje, yana kashewa a farashin gida. Ɗakinsa na gidansu ne, hatsi na rumbu, ba kuɗin mota. Naira dubu ɗari a hannun wanda yake zaune a Tarai da naira dubu ɗari a hannun mai haya a Hotoro ba ɗaya ba ne, kowa ya san wannan. Ga shi kana kusa da tsofaffi, in ciwo ya tashi da dare kana nan. Kuma kuɗin da ka samo a kasuwar Rano za a kashe shi, mai shayi ya samu, mai cajin waya ya samu, mai POS ya samu.

Sai maganar lokaci. Mu manoma ne, kuma damina ba ta jiran takardar hutu. Ɗan jinga yana iya rage karɓar aiki lokacin shuka da noman fari, ya ƙara a watannin rani da ba a komai. Wanda yake da fili a wajen ruwan Tiga yana noman rani ma haka zai tsara nasa. In masu ba ka aikin suna Amurka, abin ma ya zo daidai, domin muna gaban birnin New York da awa biyar zuwa shida, ya danganta da lokacin shekara. Kenan ka je gona da safe ka dawo ka huta, lokacin su suke buɗe ofis.

'Yan'uwana mata, wannan ɓangaren naku ne. Sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu mata sun yi ƙuli-ƙuli, sun yi saƙa, sun yi ɗinkin hula, ba tare da sun taka ƙofar gida ba, sai dai a ɗora wa yara talla. Yau yarinyar da ta yi NCE ta yi aure a Kibiya, aikin koyarwa bai samu ba, ko an tura ta wani gari mai nisa maigida ya ce a'a, tana iya zama a ɗakinta ta riƙa buga wa marubuta littattafansu, ko ta karanta littafi da murya ga masu tashar YouTube, ko ta kula da shafin wata mai sayar da atamfa da leshi, tana amsa wa masu saye. Kuma wannan sana'ar ba ta buƙatar a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata faranti. Shawarata dai, a yi komai da sanin maigida, a kuma tsaya a kan dandalin aikin, kar a yarda wani ya ja ki zuwa hirar da ba ta shafi aiki ba.

Akwai kuma maganar wa ka sani. Dukkanmu mun san yadda neman aikin gwamnati yake, sai ka samu mai riƙe maka hannu, har ana jin labarin masu sayar da gurbi. A dandalin jinga ba mai tambayar ka ɗan gidan wane ne, ko wace jam'iyya kake yi. Abin da ake dubawa samfurin aikinka ne da taurarin da waɗanda ka yi wa aiki a baya suka ba ka. Sai dai nan ma akwai tudu. Sabon shiga ba shi da tauraro ko ɗaya, kuma yana gasa da mutanen Indiya da Pakistan da Kenya, da 'yan'uwanmu na kudu da suka riga mu shiga. Samun aikin farko yana iya ɗaukar watanni. A Upwork ma sai ka sayi tikitin neman aiki kafin ka miƙa buƙata, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Yanzu bari mu yi wa albashi adalci, don ba na son wani ya je ya ajiye aikinsa gobe ya ce ni na sa shi. Albashi yana sayen abin da jinga ba ta sayarwa, wato kwanciyar hankali. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo wata guda, albashinsa yana shiga. Ɗan jinga ranar da bai zauna gaban kwamfuta ba, ranar ba ko sisi. Ma'aikaci yana da fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta tarayya ta 2014, ana cire kashi 8 daga albashinsa, mai aikin ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Jihar Kano tana da nata asusun fansho na ma'aikatanta. Gaskiya ne tsofaffi da yawa sun yi shekaru suna jiran garatuti, amma dai suna da abin da suke jira, suna da takardar da za su riƙe. Ma'aikacin jiha yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA, shi da iyalinsa. Banki yana ba shi rance saboda ya san ƙarshen wata na zuwa. Mace tana da hutun haihuwa. A ofis kuma akwai manya da za ka koyi aiki a ƙarƙashinsu, su gyara maka in ka karkace, wanda ɗan jinga shi kaɗai yake fama a ɗaki.

Kar mu manta da maganar neman aure ma. In waliyyan yarinya suka tambaya, yaron me yake yi? Aka ce malamin makaranta ne, magana ta ƙare. Aka ce yana aiki a intanet, sai a fara kallon juna, wani ma ya ce ko dai irin 'yan damfarar nan ne. Wannan abu ne da sai mun yi haƙuri mun wanke kanmu da halinmu. Ka nuna wa manya aikin da kake yi a zahiri, ka buɗe musu takardar da ka fassara, su gani da idonsu.

Wasu za su ce to ai sai in haɗa biyun, da rana ofis, da dare jinga. In a kamfani ko makarantar kuɗi kake, ka duba takardar yarjejeniyarka. In kuma ma'aikacin gwamnati ne kai na cikakken lokaci, to ka sani kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka yi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ka gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kanka. Noma kaɗai aka ware aka ce an yarda. Na san da yawa suna yi ana kawar da kai, amma gara ka san abin da doka ta ce, don ranar da wani ya so sa maka ƙafa da wannan zai kama ka.

Sai matsalolinmu na nan gida, waɗanda mai koyar da kwas daga Legas bai san da su ba. Na ɗaya wuta. Ba sai na faɗa wa ɗan Kibiya yadda wuta take ba. Ku tuna watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a cikin duhu. Wanda ya ba ka aiki daga Jamus bai san wannan ba, kuma ba ruwansa, ranar da kuka yi alkawari kawai ya sani. Saboda haka ƙaramar sola da batir ba ado ba ne a wannan sana'a, su ne fartanyarka. Na biyu sabis. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka kuma san inda sabis yake da ƙarfi a garinku, ko da bakin titi ne. Na uku data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Duk waɗannan, a ofis gwamnati ko kamfani ke biya. A jinga kai ne za ka biya, don haka dole su shiga cikin farashin da kake yankawa.

Wani abu kuma da nake so mu rarrabe da kyau. Jinga daban, mainin daban. A 2024 kusan kowane majalisi ka je za ka tarar da samari sun duƙufa suna danna waya, ana Hamster Kombat. Da aka fashe a watan Satumba, kowa ya ga abin da ya samu bayan watanni yana dannawa. A watan Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: a jinga akwai wani mutum da yake da matsala, kai kuma ka iya warware ta, shi ya sa yake biyan ka. In ka rasa gane wace matsala kake warwarewa, kuma wa kake warware wa, to ba aiki kake yi ba. Haka duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ko ya ce ka ba shi lambar NIN ɗinka da hotonka ya buɗe asusu da sunanka yana ba ka wani abu duk wata, ka guje shi. In aka yi ɓarna da asusun, sunanka ne a jiki.

To wace sana'a ce ta dace da mu? Abin da muka fi kowa a duniya shi ne Hausa. Tun 2013 Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara, kuma yau kamfanonin da ke gina ƙirƙirarriyar basira suna neman masu naɗar murya, masu mayar da sauti rubutu, da masu duba ko abin da na'ura ta fassara daidai ne. Ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya ma suna buƙatar a mayar musu da saƙonninsu Hausa. Amma jin Hausa bai isa ba. Sai ka iya rubuta ta bisa ƙa'ida: ƙ da ɗ da ɓ a muhallinsu, raba kalma inda ake rabawa, haɗewa inda ake haɗewa. Irin rubutun da muke yi a WhatsApp ba mai biyan ka a kansa. Sannan Turancinka ya kai ka fahimci umarni ka kuma rubuta amsa mai tsabta. Ku kuma sani na'ura tana cinye fassara mai sauƙi, farashinta yana faɗuwa. Wanda zai daɗe shi ne wanda ya ƙware a wani fanni, kamar lafiya ko noma ko shari'a, inda kuskure ɗaya yake da tsada.

Kuma ba dole sai dala ba. Akwai jingar cikin gida da yawa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari suna neman mai ɗaukar hoton kaya da kula da shafi. Masu barkwanci a TikTok da 'yan fim suna neman mai tace bidiyo. Ga katin biki, ga tambarin shago, ga fastocin 'yan siyasa tunda zaɓen 2027 yana tafe. A wannan kam ƙa'ida ɗaya ce, musamman da 'yan siyasa: rabin kuɗi a hannu kafin ka fara, sauran kafin ka miƙa aikin gaba ɗaya. Wajen koyo kuma, akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta fara a ƙarshen 2023, kyauta ne, ga kuma darussa birjik a YouTube, wasu ma da Hausa. Ka zaɓi abu ɗaya ka tsaya a kansa wata shida. Mai tsalle daga zane zuwa kodin zuwa tace bidiyo duk mako ba zai iya ko ɗaya ba.

Yanzu ga maganar da nake so kowa ya tafi da ita. Duk abin da gwamnati take yi wa ma'aikacinta, ɗan jinga shi zai yi wa kansa. Kai ne gwamna, kai ne akanta, kai ne hukumar fansho. Ga yadda ni nake yi. Duk kuɗin da ya shigo ba na taɓa shi kai tsaye, asusu daban yake shiga, daga nan nake biyan kaina albashi tsayayye duk wata, ko watan ya yi kyau ko bai yi ba. Rarar watan daɗi ita ke ciyar da watan fari. Ka yi ƙoƙari ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku ko da ba aiki. Ka ware wani kaso na tsufa. Tun watan Maris na 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, kana zuba abin da ka iya lokacin da ka samu. In kuma ka fi yarda da namu na gargajiya, ka sayi tunkiya ko ɗan maraƙi, ko ka ajiye buhu lokacin kaka, duk dai kar ya zama babu komai. Ka je ka tambayi yadda mai zaman kansa yake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya, kar ka bari sai ciwo ya zo. Ka ware kuɗin canjin batir da gyaran kwamfuta, don ranar da za su mutu ba sa sallama.

Sannan haraji. Sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, amma abin da ya haura akwai, kuma mazaunin Najeriya ana lissafa masa har abin da aka turo masa daga waje. Ma'aikaci tun daga tushe ake cire masa. Kai kuwa kai za ka riƙe lissafinka, don haka ka sami littafi ko da na naira ɗari biyu ne, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ka kashe a kan aikin.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne? In kana da aikin albashi a hannu, ga iyali, kar ka saki reshe ka kama ganye. Ka koyi sana'ar tukuna, ka gwada kanka, kuma kar ka yi tunanin ajiye aiki sai ka tabbatar jinga za ta iya kawo maka fiye da albashin wata bayan wata, ba sau ɗaya ba. In kai mutum ne da ba ya iya tashi sai an ce masa tashi, ko kuɗi ba sa kwana a hannunka, to albashi ya fi maka alheri, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Garuruwanmu suna buƙatar malamai da ma'aikatan jinya nagari, kuma ba a yin allura ta intanet.

Amma in kana zaune ne shekara biyu, uku, huɗu da takarda a cikin jaka, kullum ana ce maka an kusa buɗe ɗaukar aiki, to kai ba ka da reshen da za ka saki. Ka ci gaba da miƙa takardunka, ba wanda ya hana ka, amma kar jira ya zama shi ne sana'arka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wayar da ke hannunka ta isa ka fara koyon ƙa'idar rubutun Hausa ko zanen talla yau ɗin nan. Ka yi wa shagon unguwarku aiki ɗaya mai kyau ko da a kan kuɗi kaɗan ne, ka ajiye shi a matsayin samfuri, shi zai kawo na biyu.

A nan za mu dakata. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake karɓar kuɗi daga waje, asusun dala na banki da su Payoneer, da irin cajin da kowanne yake cirewa. Wanda yake da tambaya ya turo, wanda kuma ya riga ya fara jinga daga Rano ko Kibiya ko Bunkure ya ba mu labarin yadda yake fama da wuta da sabis, don na baya su ƙaru. Ku tura wa wanda kuka san yana zaman jiran aiki.